Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Ƙaramin Kan Jirgin Ƙasa Mai Tururi Ba Tare da An Shafe Asalinsa Ba

A shekarar 1911, wadda a cikinta layin dogo ya iso Kano, aka buɗe wani layin dogo a garin Rhyl da ke bakin teku a arewacin Wales, wanda tazarar da ke tsakanin ƙarafunansa biyu inci 15 ce kacal, wato milimita 381, alhali ta tsohon layinmu milimita 1,067 ce. Har yau jiragen Rhyl suna zagaya tafkin garin ɗauke da fasinjoji, kuma kawunan da ke jan su ba kayan wasan yara ba ne, domin kwal suke ci, ruwa suke tafasawa, tururi ne kuma yake tura fistin ɗinsu kamar yadda yake tura na manyan jirage. Kamfanin Bassett-Lowke na Northampton da mai zanensa Henry Greenly su ne suka yayata irin waɗannan kawuna tun daga Little Giant na 1905, sannan a 1925 kamfanin Davey Paxman na Colchester ya ƙera Green Goddess, wanda girmansa sulusin na babban jirgi ne, domin layin Romney, Hythe da Dymchurch da aka buɗe a Kent a 1927. Ƙasa da waɗannan akwai masu tazarar inci 10 da kwata, da inci 7 da kwata, da inci 5, waɗanda galibinsu mutum ɗaya ne ya ƙera su a ɗakin aikinsa na bayan gida cikin shekaru masu yawa. Idan maƙerin ya rasu, sau da yawa kan jirgin yakan shafe shekara ashirin ko talatin a rumfa yana shan danshi kafin ya faɗa hannun magaji ko mai saye, kuma wannan mutumin ne bayanin nan ya fi shafa.

Yanke shawara kafin a taɓa sifana

Abu na farko shi ne mai gyara ya tsayar wa kansa abin da yake so kan jirgin ya zama, domin wannan shawara ce za ta hukunta duk waɗanda za su biyo baya. Kan da za a ajiye a gidan tarihi ana kallonsa ba ya bukatar sabuwar tukunya, kuma sauya masa ko da noti ɗaya hasara ce. Wanda zai riƙa jan tarago cike da yara kowace Asabar kuwa dole ne ya cika sharuɗɗan tsaro na yau, ko da hakan ya sa an cire masa abubuwan da aka ƙera shi da su. Mafi yawan masu gyara suna tsakani ne: suna son a hura masa wuta sau goma ko ashirin a shekara, kuma wanda ya san shi a da ya gan shi ya gane shi.

Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya, wato wane zamani na rayuwar kan jirgin ne za a kira asali. Misalin kan jirgi mai suna River Irt na layin Ravenglass da Eskdale a arewa maso yammacin Ingila ya isa ya nuna sarƙaƙiyar lamarin. Sir Arthur Heywood ne ya ƙera shi a 1894 da sunan Muriel, yana ɗauke da tankin ruwansa a jikinsa. A 1927 aka sake gina shi a Ravenglass, aka ƙara tsawon firam ɗinsa, aka ba shi sabuwar tukunya da taragon kwal da ruwa a baya, aka kuma sauya masa suna, sannan a 1972 aka ɗaga bututun hayaƙinsa da ɗakin direba. Wanda ya ce zai mayar da shi yadda yake a 1894 sai ya zubar da siffar da ya yi kusan shekara ɗari yana aiki da ita. Haka River Esk na 1923, wanda aka ƙera da tsarin bawul na Lentz (bawul shi ne abin da ke buɗe wa tururi ƙofar shiga silinda da ta fita), tsarin bai gamsar ba, aka maye gurbinsa da na Walschaerts a 1928. Babu mai hankalin da zai dawo da abin da ya ƙi aiki don kawai shi ne na farko. A ganina, shekarar da ta fi dacewa a zaɓa ita ce wadda aka fi samun hotuna da takardun shaidarta, kuma wadda mafi yawan sassan da ke jikin kan jirgin yanzu suka fito daga cikinta. Idan an zaɓe ta a rubuta ta, a manna a bangon ɗakin aiki, domin bayan wata shida zuciya za ta fara kawo wasu shawarwari.

Rubutu da hoto

Kada a hura wuta a tsohuwar tukunya don a ga ko tana aiki, komai ƙarfin sha'awar yin hakan. Abin da ya kamata a fara yi shi ne ɗaukar hoton kowane gefe da kowace mahaɗa, daga sama da ƙasa, musamman yadda bututu suka bi a ɗakin direba, domin wannan ne wurin da ya fi rikita mutum ranar mayarwa. A nemi lamba ko tambarin maƙeri a jikin firam da kuma bayan tukunya, a nemi duk takardar gwajin tukunya da ta zo da shi komai tsufanta. Idan an gane zanen da aka bi wajen ƙera shi, aikin ya ragu da yawa, kuma da dama daga zane-zanen ƙananan kawuna an buga su ne a mujallar Model Engineer da aka kafa a 1898, waɗanda ƙungiyoyin masu wannan sana'a ke ajiye tsofaffin fitowarta. Sai dai a tuna cewa maƙerin da ya yi aiki shi kaɗai ba safai yake bin zane sau da ƙafa ba, don haka duk inda zane ya saɓa wa ƙarfen da ke gaba, ƙarfen za a gaskata, a auna shi a rubuta.

Kafin a wanke komai, a zaɓi wani lungu da rana ba ta taɓa ba, kamar ƙarƙashin rufin ɗakin direba, a kankare fenti a hankali hawa-hawa har a kai ga ƙarfe, a ɗauki hoton kowane launi da ya bayyana. Wannan ɗan wurin shi ne kaɗai shaidar launukan da kan jirgin ya taɓa sanyawa.

Dafin da ke ɓoye a jikinsa

Duk kan jirgin da aka ƙera ko aka gyara kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce, a ɗauka cewa bargon da ke tsakanin tukunya da kwanon da ya lulluɓe ta na asbestos ne har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne, domin sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya. Ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, ta haifar da cutar daji bayan shekaru da yawa, saboda haka ba a kakkaɓe shi, ba a hura masa iska, kuma cire shi aikin masu lasisi ne. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, don haka a jiƙe ake goge shi, ba a ƙona shi da wuta. Ita ma tsohuwar waldar azurfa tana iya ƙunsar sinadarin kadmiyam, wanda hayaƙinsa ke kisa idan an sake zafafa mahaɗar a rufaffen ɗaki, kuma saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana sayar da irinta a 2011. A waɗannan wurare uku babu maganar kiyaye asali.

Kwancewa

Ana kwance kan jirgi daga waje zuwa ciki, daga sama zuwa ƙasa. A fara da ɗakin direba da kayan ado, sai geji da famfuna da bututu, sai kwanon tukunya, sannan a saki tukunyar daga akwatin hayaƙi da ke gaba a ɗaga ta da igiya mai laushi, ba da sarƙa ba. A lura cewa ta ɓangaren bayanta ba a ɗaure tukunya tamau da firam, an bar mata damar zamewa kaɗan ne saboda ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, kuma wanda bai san haka ba yakan ɗaure ta ranar mayarwa ya jawo tsagewa. Bayan an sauke tukunya sai a cire sandunan da ke haɗa ƙafafu, da sassan bawul, da silinda, a ƙarshe a sauke ƙafafun da aksil ɗinsu.

Kowane sashe a sa shi a jakarsa da takarda mai nuna wurinsa, dama ko hagu, gaba ko baya, domin abin da aka yi da hannu ba ya yarda a musanya shi da ɗan'uwansa ko da a ido kamarsu ɗaya. Notin da ya ƙi kwancewa a jiƙa shi da man sassauta tsatsa kwana biyu ko uku, a ɗan ɗumama shi, a gwada juya shi gaba kaɗan kafin baya. Wanda ya sa ƙarfi ya karya shi a cikin silinda ya sayo wa kansa aikin mako guda, sauri ya haifi nawa ke nan. Akwai kuma batun zaren noti, wato murɗaɗɗen layin da aka yanka a jikinsa, wanda yake ƙaramin abu amma yana nuna ingancin gyara. Tsofaffin kawunan Ingila an yi su ne da zaren Whitworth, da na BA a ƙananan sukurori, da na ME mai zare 32 ko 40 a inci ɗaya a kayan tukunya. Har yau ana sayar da kayan yanka waɗannan zaruruwa, don haka babu hujjar faɗaɗa rami a cusa masa notin milimita, abin da zai bar mai gyara na gaba da kan jirgi mai bukatar sifana iri biyu.

Tukunya

A nan ne ya kamata a daɗe, domin tukunya ce ke cin mafi yawan kuɗin gyara, ita ce kuma kaɗai sashen da zai iya raunata wanda ke tsaye a gefe. Ƙananan kawuna masu inci 5 sukan yi aiki da matsin tururi na psi 80 zuwa 100 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne), masu inci 15 kuwa sukan kai 150 zuwa 180. Ruwan da ke cikin tukunya mai psi 100 zafinsa ya kai wajen digiri 170 a ma'aunin Salshiyos, kuma idan bango ya tsage, wani kaso na wannan ruwa yakan rikiɗe ya zama tururi nan take, wanda shi ne fashewar da ake tsoro.

Da farko a tantance abin da aka yi tukunyar da shi. Ta jan ƙarfe ba ta tsatsa kuma tana iya daɗewa ƙwarai, amma sai a duba yadda aka haɗa ta. Tsofaffin maƙera sukan haɗa ta da ƙusoshi sannan su toshe mahaɗar da waldar dalma da kuza, wadda ke fara narkewa a wajen digiri 183, kusa ƙwarai da zafin aikin tukunyar, don haka ranar da ruwa ya ɗan yi ƙasa sai ta fara zuba. Irin wannan mahaɗa ba ta karɓar waldar azurfa daga baya, domin dalmar da ta riga ta shiga jikin jan ƙarfen tana ɓata sabuwar waldar. Tukunyar ƙarfe kuwa tsatsa ce abokiyar gabarta, kuma tana cin ta ne daga ciki inda ido ba ya kaiwa: gindin murhu inda laka ke taruwa, da rufin murhu, da daidai layin da ruwa ke tsayawa. Ana zura ƙaramar kyamara mai doguwar waya ta ramukan wanki a duba, a kuma auna kaurin bango da na'urar da ke aiki da sautin da kunne ba ya ji, a gwada da kaurin da zane ya nuna. A duba sandunan ɗauri da ke riƙe bangon murhu da bangon waje ɗaya bayan ɗaya, domin idan ɗaya ta karye nauyinta yakan koma kan maƙwabtanta, kuma kumburin bango tsakanin sanduna alama ce da ba a yi mata uzuri.

Kayan da aka ɗaura a jikin tukunya su ma suna da nasu ciwon. Tagulla iri biyu ce, akwai wadda aka haɗa jan ƙarfe da tutiya, akwai wadda aka haɗa shi da kuza. Mai tutiya idan ta daɗe a cikin ruwan zafi sai tutiyar ta tsiyaye ta bar ƙarfe mai ja-ja wanda ke marmashewa kamar busasshiyar kuka, alhali a waje yana ƙyalli. Duk wani famfo ko toshiya ta irin wannan tagulla da ke taɓa ruwan tukunya a cire ta, a sassaƙa sabuwa da mai kuza bisa siffar tsohuwar daidai, yadda mai kallo ba zai bambance ba.

Idan binciken ido bai nuna abin tsoro ba, sai a wanke farin dattin da ruwa ya bari a ciki, wanda a tukunyar jan ƙarfe ruwan sinadarin tsamin lemo yake narkar da shi, sannan a yi gwajin ruwa. Ana cire bawul ɗin tsaro da gejin kan jirgin a toshe ramukansu, a cika tukunyar da ruwa maƙil har babu sauran iska a ciki, a ɗaura geji na musamman da aka tabbatar da sahihancinsa, sannan a matsa ruwa da famfon hannu sannu a hankali. Hikimar yin gwajin da ruwa ita ce ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan wani wuri ya gaza, ɗigo kawai za a gani matsin ya faɗi. A ƙa'idar ƙungiyoyin masu ƙananan jirage a Birtaniya, sabuwar tukunya ana kai ta ninki biyu na matsin aikinta, a gwaje-gwajen da ke biyo baya kuma ninki ɗaya da rabi, ana maimaita wa ta jan ƙarfe duk shekara huɗu, ta ƙarfe kuwa ana matso da wa'adinta idan ta fara manyanta. Ba mai gyara ne ke ba kansa shaida ba, sufeton ƙungiya ne ko na kamfanin inshora, kuma hikima ce a kira shi tun kafin a kashe ko kwabo a kan tukunyar, domin shi ne zai ce za ta karɓu ko ba za ta karɓu ba.

Idan hukuncin ya zama cewa tukunyar ta gama yayinta, ra'ayina shi ne kada a yi jayayya kuma kada a yi ta faci a kan faci. Ko a zamanin manyan jirage tukunya abu ne da ake saukewa a ɗora wata, kuma da wuya a sami tsohon kan jirgi mai aiki da ke ɗauke da tukunyarsa ta farko. Abin da ake kiyayewa shi ne siffar waje: faɗinta da tsawonta, wurin da tulun tururi ya zauna, wurin kowane famfo a bayanta, yadda tsohon kwano da tsohon ɗakin direba za su koma mazauninsu ba tare da an yanke su ba. A ciki kuwa mai ƙera sabuwa yana da 'yancin ƙara sandunan ɗauri da ramukan wanki yadda ƙa'idar yau ta tanada. Tsohuwar tukunyar kada a kai ta wajen 'yan gwangwan. A wanke ta, a busar, a rubuta a jikinta cewa ba ta aiki, a ajiye ta tare da kan jirgin.

Firam da ƙafafu

A wanke firam da kananzir, a ɗora shi a shimfiɗaɗɗen tebur, a ja zare daga gaba zuwa baya a ga ko ya karkace, a kuma duba tsagewa a kusurwoyin ramukan da gidajen aksil ke hawa da sauka a ciki, domin a nan gajiyar ƙarfe take fara bayyana. Akwai jan ruwa da ake shafawa a goge, sannan a fesa farin gari, sai tsagewar da ido bai gani ba ta fito jajir. Da shi ake duba firam da ƙafafun zubi baki ɗaya. Firam shi ne abin da ake ɗauka a matsayin ainihin kan jirgi, don haka ana gyara shi ne, ba a sauya shi sai in babu makawa.

Gidan aksil da ya sassauta a sa masa sabon bushi na tagulla. Wasu sukan so su mayar da shi boris na zamani don rage wahalar zuba mai, kuma a taragon baya, inda murfi ke rufe shi, ban ga laifin hakan ba. A ƙafafun da ke jan jirgin kuwa yakan tilasta a faɗaɗa ramin firam, wanda yanka ne da ba ya komawa. Wannan ita ce ƙa'idar da nake ganin ta fi amfani a duk aikin: sauyin da za a iya warwarewa da sifana a yi shi idan yana da amfani, wanda kuma sai an sa zarto ko an huda tsohon ƙarfe a tsaya a sake tunani, kada garin neman gira a rasa ido.

Ƙafar da bakinta ya cinye ana iya sassaƙa ta a injin sassaƙar ƙarfe ta dawo da siffarta, muddin duk ƙafafun da sanda ɗaya ta haɗa sun fito da faɗi ɗaya. Idan cin ya yi yawa sai a rage ta a sanya mata zoben ƙarfe, wanda ake yin cikinsa ya gaza faɗin ƙafar da kusan kashi ɗaya cikin dubu, a zafafa shi ya buɗe, a zura, ya huce ya kama. A tabbatar tazarar da ke tsakanin bayan ƙafar dama da ta hagu ta dace da ma'aunin layin da za a hau, in ba haka ba jirgin zai riƙa sauka a mararraba. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne maƙalar sanda ta ƙafar dama da ta hagu su kasance da tazarar digiri 90 a tsakaninsu, kuma tazarar ta zama iri ɗaya a kowane aksil, domin kuskure kaɗan a aksil ɗaya ya isa ya sa sanduna su riƙa cijewa sau biyu a kowane juyi. Wanda ya magance cijewar ta hanyar faɗaɗa ramin bushi ya yi gyaran gangar Auzinawa, domin jirgin zai juya amma zai yi ta ƙwanƙwasa har ya cinye sabon bushin.

Silinda da bawul

Silindar da ta yi 'yan zane-zane a ciki gogewa ta ishe ta, wadda ta zama ƙwai kuwa sai an sake huda ta an yi mata sabon fistin, ko a zura mata sabuwar riga a ciki idan bangonta ya yi siriri, wanda ya fi zubar da tsohon zubin. Fuskar da bawul ke zamewa a kai a goge ta a kan gilashi mai kauri da takardar yashi mai laushi har ta kwanta ɗaya. Tsofaffin maƙera da zare mai garin fensir suke toshe fistin da bakin sandarsa. Yau akwai zoben roba mai jure zafi da kuma farin sinadarin PTFE, waɗanda suka fi daɗewa, ba a ganin su daga waje, kuma ana iya cire su a koma wa zare duk ranar da aka so.

Idan an mayar da komai a kan firam, kafin a ɗora tukunya, sai a daidaita bawul yadda ƙofar tururi za ta buɗe daidai wa daida a gaba da bayan silinda, sannan a ɗaga ƙafafun daga ƙasa, a ɗiga mai a cikin silinda, a haɗa iskar kwamfuresa mai rauni, kamar psi 20 zuwa 30. Kan jirgi mai silinda biyu yana huci sau huɗu a kowane juyin ƙafa, kuma kunne ne alƙali: idan hucin huɗun sun fito da tazara ɗaya da ƙarfi ɗaya, gaba da baya, an dace, idan ɗaya ya yi ɗingishi a koma kan bawul.

Abubuwan da zamani ya wajabta

Sufeto zai nemi hanyoyi biyu masu zaman kansu na shigar da ruwa tukunya, don haka idan tsohon yana da famfon aksil kaɗai, sai a ƙara masa injekta, na'urar da Bafaranshe Henri Giffard ya ƙirƙira a 1858, wadda ke tura ruwa da ƙarfin tururin tukunyar kanta. Ana iya ɓoye ta ƙarƙashin ɗakin direba. Kwalbar ganin ruwa dole ne gindinta ya kasance sama da rufin murhu, yadda muddin ana ganin ruwa a cikinta to rufin yana nutse. Idan za a ɗauki fasinja, ana bukatar birkin da ke kama taragai, ba kan jirgin kaɗai ba, kuma bututunsa a bi da shi ta cikin firam a kan maƙalai masu kwancewa. Ragar murhu ta ƙarfen da ba ya tsatsa, da ragar tare tartsatsi a akwatin hayaƙi, duk ƙari ne da ba ya ɓata siffa. Batun raga ya ƙara muhimmanci tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran da ke kudancin Wales a 2023, wadda ta kasance babbar madogarar jiragen tururi na tarihi wajen samun kwal, domin makamashin da ake samu a madadinsa ba lallai ya ci wuta a tsohuwar raga yadda na da yake ci ba, kuma sau da yawa sai an sauya tazarar sandunanta.

Duk sabon sashe da aka ƙera a buga masa shekara a wurin da ba a gani, domin kada wanda zai zo bayan shekara hamsin ya ɗauke shi na asali.

Fenti

Idan tsohon fenti yana nan da ƙarfinsa, wanki da ɗan gyaran inda ya ɓare sun fi sabon fenti daraja, domin rubutun hannu da siraran layukan ado na tsohon mai fenti ba sa dawowa. Idan sai an sake, a kwafi rubutun da layukan a takarda mai shara-shara tukuna, a sa wa tagulla fentin share fage mai kama jiki, a sa wa akwatin hayaƙi mai jure zafi, kuma kada a yi fentin ƙarshe sai an gama gwajin tururi, tunda da wuya a tsallake sake kwance wani abu.

Hura wuta

Wutar farko ana tayar da ita ne a hankali, da itace ko gawayi da aka jiƙa da kananzir, ana jan iska da ƙaramar fanka a bakin bututun hayaƙi har tururi ya taru ya karɓi aikin, domin ƙarfen da ya yi shekaru a sanyaye yana bukatar ya miƙe sannu-sannu. A gaban sufeto ake yin gwajin tururi, wanda ake maimaitawa kowace shekara: a hura wuta iyakar ƙarfinta a tabbatar bawul ɗin tsaro ya buɗe a daidai jan layin geji kuma bai bar matsi ya haura kashi 10 cikin ɗari bisa na aiki ba, a gwada kowace hanyar shigar da ruwa ita kaɗai, a zubar da ruwan kwalba a ga ya dawo nan da nan. A silinda man tururi mai kauri ake sawa, domin man mota tururi yana wanke shi.

Bayan an sami takarda, kan jirgin ya yi sa'o'i yana tafiya shi kaɗai, ana tsayawa ana taɓa kowane gidan aksil da bayan hannu a ji ko ya yi zafi, sannan a ƙara masa tarago ɗaya babu kowa, sannan a loda buhunan yashi daidai nauyin mutane a gwada birki a gangara, kafin a yarda wani ya hau. A ƙarshen kowace rana a kwashe wuta, a share bututun wuta da burushi, a zubar da ruwan tukunya tun tana da ɗumi domin cikinta ya bushe, a bar famfuna a buɗe kaɗan don kada su cije idan sun huce. Littafin da aka fara rubutawa ranar ɗaukar hoton farko a ci gaba da shi, a shigar da ranar kowace wuta da kowane gyara, a ajiye shi a akwati ɗaya da tsofaffin sassan da aka cire, kowanne da takardarsa, yadda duk ranar da kan jirgin ya sauya hannu akwatin zai bi shi.